Zuriyar Na Gbewa: Asalin Mamprusi da Dagwamba da Tarihinsu

Mamprusi da Dagwamba da Nanumba na arewacin Ghana, da Moshi na Burkina Faso, duk suna kai salsalar sarautarsu ga mutum guda, Na Gbewa, wanda ya zauna a Pusiga, gabas da Bawku, dab da iyakar Togo ta yau. Daga gidansa masarautu uku suka tsiro a wannan yanki: Mamprugu, wadda sarkinta Nayiri yake zaune a Nalerigu, Dagbon, wadda sarkinta Ya Na yake zaune a Yendi, sai Nanun, wadda fadarta ke Bimbila. Harsunansu kuwa, Mampruli da Dagbani da More, sun yi kusa da juna ƙwarai, har Bamamprushe da Badagwambe sukan yi ciniki ba tafinta.

Akan ji ana cewa waɗannan al'ummu daga gabas suka zo. Maganar tana da gyara. Waɗanda suka zo daga gabas 'yan tsiraru ne, mahaya dawaki, kuma su ne kakannin gidan sarauta. Yawancin mutanen da ake kira Mamprusi ko Dagwamba a yau jikokin waɗanda baƙin suka tarar ne. Tarihin ƙasar nan kusan duka labarin zaman da aka yi ne tsakanin ɓangarorin nan biyu, mai sarauta da mai ƙasa.

Kafin zuwan mahayan, mutanen kwarin kogin Volta manoma ne na gero da dawa, suna zaune gida-gida a warwatse, ba birni ba ganuwa. Ba su da sarki mai yanke hukunci. Babban kowane yanki shi ne tindana, wato mai ƙasa, kuma aikinsa na tsafi ne: shi ke yanka wa ƙasa hadaya kafin shuka da bayan girbi, shi ke ba baƙo wurin gini da gona, shi ke wanke ƙasa idan an zubar da jini a kanta, kuma dabbar da ta ɓata ba a san mai ita ba, hannunsa take komawa. Ba shi da dogari, ba shi da doki. Tsoron fushin ƙasa ne ke sa a bi maganarsa. Wannan tsari bai mutu ba. A Navrongo da Paga da Chiana, Kasena suna da tegatu, mai ƙasa, a gefe guda, da pe, sarki, a ɗaya gefen, kowa da huruminsa. Haka abin yake a wajen Kusasi da Frafra da Builsa da Konkomba.

Makaɗan fadar Yendi suna fara labarin baƙin da wani maharbi, Tohazie, ma'ana jan maharbi. Suka ce daga wajen tafkin Chadi ya taso, ya ratsa Zamfara, ya isa ƙasar Malle. Can ya iske wani gari yana fama da ƙishirwa, domin wata ɓauna ta tare tafkin da ake ɗiban ruwa, duk wanda ya je sai ta halaka shi. Tohazie ya harbe ta. Daga baya ya taimaki sarkin Malle a yaƙi, aka ce ya zaɓi lada cikin 'ya'yan sarki mata, sai ya zaɓi wata gurguwa, Pagawubga. Ɗansu Kpogonumbo ya yi hijira zuwa Biun a ƙasar Gurma, ya auri 'yar tindanan wurin, sa'an nan ya kashe surukin nasa a lokacin bikin shekara, ya fito wa jama'a sanye da kayan tsafinsa, suka miƙa wuya. Daga wannan tsatso Na Gbewa ya fito, ya bar Gurma ya kafa zama a Pusiga.

Bahaushe ba zai ji wannan labari ba tare da ya tuna da Bayajida ba: baƙo daga gabas, dabbar da ta hana ruwa, kisan ta, auren 'yar gida, sa'an nan 'ya'ya su bazu su kafa garuruwa. Kamar da ke tsakanin rijiyar Kusugu da tafkin Malle ba ta nuna cewa wani ya ara daga wani ba. Tana nuna cewa gidajen sarauta a Sudan ta Tsakiya da ta Yamma suna da hanya iri ɗaya ta bayyana halaccin mulkinsu: kakanmu baƙo ne, amma ya yi wa ƙasa aikin da 'yan ƙasa suka kasa, kuma ta wajen uwa mu ma 'yan ƙasa ne. Sashen Kpogonumbo ya fi na Bayajida tsiraici, domin bai ɓoye cewa da jini aka karɓi ikon ba.

Harshe ya tabbatar da cewa baƙin ba su da yawa. Mampruli da Dagbani da More dangin Kusal ne da Gurene da Dagare, harsunan mutanen da ba su taɓa yin manyan sarakuna ba. Babu ɗayansu da ya yi dangantaka ta kusa da Hausa ko Barbarci ko harsunan Mande. Ke nan mahayan sun auri matan ƙasa, 'ya'yansu suka tashi da harshen iyayensu mata, na kakanninsu ya ɓace. An ga irin wannan a wurare da yawa. A gabashin Turai, wajen shekarar 680, mahayan Bulgar ƙarƙashin Asparuh suka ƙetare kogin Danub suka mallaki ƙabilun Silab manoma. Bayan ƙarni biyu sunan ƙasar ya zama na Bulgar, harshen kuwa na Silab. Misali mafi kusa shi ne na gidajen sarautar Fulani a Kano da Katsina da Zazzau, waɗanda Hausa ta zama harshensu bayan jihadin 1804.

Yaushe aka yi Na Gbewa? Makaɗa suna riƙe jerin sarakuna, ba su riƙe shekaru. E. F. Tamakloe, wanda ya buga tarihin Dagwamba a 1931, ya sa hawan Na Nyagse, jikan Gbewa, a 1416. Masanin tarihi J. D. Fage ya sake ƙidayar a 1964, ya dawo da shi wajen 1480. Idan aka bi lissafin Fage, Gbewa ya rayu a farkon ƙarni na 15 ko ƙarshen na 14. Akwai wata matsala kuma: littattafan Tumbuktu, musamman Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, sun ambaci Moshi suna kai hari Tumbuktu tun ƙarni na 14, da Walata a 1480, har Askiya Muhammadu ya yaƙe su a 1498. Wasu masana suna ganin waɗancan Moshi wata tsohuwar ƙungiya ce ta mahaya a lanƙwasar kogin Kwara, kuma gidan Gbewa reshe ne nata da ya gangaro kudu.

Rabuwar gidan ta faro ne daga rikicin gado. Gbewa ya tsufa, yana son ɗansa Fogu ya gaje shi, sai wani ɗan nasa, Zirili, ya kashe Fogu. Aka rasa mai iya faɗa wa tsohon da baki, sai aka sanar da shi ta kiɗa da busa. Da ya gane, in ji masu labari, sai ƙasa ta haɗiye shi. Wurin yana nan a Pusiga, an kewaye shi, ana kai masa ziyara da hadaya. Bayan Zirili aka sake jayayya tsakanin Tohugu da ƙanensa Sitobu. Tohugu ya nufi duwatsun Gambaga ya kafa Mamprugu. Sitobu ya yi kudu, zuriyarsa ta kafa Dagbon. Ɗan'uwansu Mantambu ya ƙara gaba ya kafa Nanun. Saboda Tohugu ne babba, har yau ana ɗaukar Nayiri a matsayin yayan sauran. Moshi kuwa ta wajen mace suka haɗu da gidan: gimbiya Yennenga, wadda doki ya gudu da ita daga Gambaga, ta haɗu da maharbi Riale a daji, ta haifi Wedraogo, wato ingarma, wanda ya kafa Tenkodogo. Sunanta ne ke kan babbar kyautar bikin fina-finan FESPACO a Wagadugu.

A nan ne hanyoyin Dagbon da Mamprugu suka bambanta, kuma bambancin ya yi tasiri har zuwa yau. Na Nyagse ɗan Sitobu ya bi yammacin Dagbon gari-gari yana kashe tindanoni, yana naɗa 'ya'yansa da ƙannensa da baffanninsa a madadinsu. Manyan sarautun Dagbon da yawa daga wannan yaƙi suka samo asali. Ya kafa fadarsa a Yendi Dabari, kusa da Diari, arewa da Tamale ta yau. Sakamakon haka Dagbon ta zama dunƙulalliyar ƙasa mai matakan sarauta, inda ɗan sarki yake farawa da ƙaramin ƙauye yana hawa sannu a hankali. Ƙa'ida ita ce ɗa ba ya wuce matsayin da ubansa ya kai, kuma sarakunan Karaga da Savelugu da Mion ne ke neman Yendi. Akwai garuruwan da aka keɓe wa 'ya'yan Ya Na mata, babbarsu ita ce Gundo Na. Duk da kisan da Nyagse ya yi, tindana bai ƙare a Dagbon ba. An rage masa iko ne, aka bar masa tsafin ƙasa, domin sarki da kansa yana tsoron taɓa abin da ba nasa ba.

Mamprugu ba ta yi irin wannan shara ba. Ikon Nayiri ya bazu ne ta hanyar bayar da nam, wato albarkar sarauta. Wani ɗan sarki da ya rasa gado, ko wani mai ƙarfi a garinsu, sai ya je Nalerigu a ɗora shi kan fata, ya koma ya zauna kusa da tindana. Fata a nan ita ce gadon sarauta, kamar yadda kujera take a wajen Tonawa, wato Asante. Ta haka sarakunan Bongo da Nangodi da Tongo da wasu garuruwan Frafra da Kusasi suka rataya da Nalerigu ba tare da mutanensu sun zama Mamprusi ba. Meyer Fortes, wanda ya zauna cikin Talensi a shekarun 1930, ya tarar da su kashi biyu: Namoo, masu cewa kakansu Mosuor daga Mamprugu ya zo, su ke riƙe sarauta, da Tali, masu cewa daga ƙasa suka fito, su ke riƙe tsafi. Kowane ɓangare yana bukatar ɗayan a bukukuwan shekara. Irin wannan iko ba shi da iyaka tsayayya. Yana da kauri kusa da Nalerigu, yana sirancewa in an yi nisa, har ya zama gaisuwa da kyauta kawai.

A ƙarni na 16 wata sabuwar runduna ta mahaya ta ɓullo daga yamma, daga ƙasashen Mande, ta kafa Gwanja. Gwanjawa suna danganta cin ƙasar ga Ndewura Jakpa. Suka ƙwace Daboya mai gishiri daga hannun Dagwamba, suka kashe Na Dariziogo a fagen fama. Na Luro ya rama, amma matsin bai sassauta ba, sai aka ɗauke fada daga yamma aka mai da ita gabas, wani garin Konkomba da ake kira Chare, wanda ya zama Yendi ta yanzu. Ruwayoyi sun saɓa kan sarkin da ya yi ƙaurar. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne an tura Konkomba gefe, kuma ƙurar wannan ba ta kwanta ba, kamar yadda yaƙin 1994 ya nuna. Sai wajen 1713 Na Andani Sigli ya karya rundunar Gwanja a Sang, ya kashe jagoranta Kumpatiya.

Tsakanin ƙaura da nasarar Sang aka yi sarkin da Dagwamba suka fi yabo, Na Zangina. Wajen 1700 'ya'yan sarki suka yi yawa a neman Yendi, masu zaɓe suka kasa, aka kai maganar gaban Nayiri. Aka gwada su da karin magana, Zangina, ƙarami cikinsu kuma mai dukiyar fatauci, ya yi nasara. Shi ne Ya Na na farko da ya musulunta a fili, a hannun malaman Wangarawa na Sabali. A zamaninsa hanyoyi suka buɗe, malamai da fatake suka shigo, aka samu limamai a fada, da wanzamai masu kaciya, da masaƙa, har makaɗa suna cewa shi ya tufatar da Dagbon. A Mamprugu takwaransa shi ne Na Atabiya, wanda ya yi doguwar sarauta ya rasu wajen 1741. A zamaninsa Gambaga ta samu limami, aka kuma kafa sansanoni don tsaron hanyar fatake. Musuluncin fada bai ture tsohon tsari ba. Bikin Damba a watan Mauludi yake faɗowa, Bugum kuma a Muharram, amma wanda ya ga rawar sarakuna a Damba ko jifan wuta a Bugum ya san cewa wata ne kawai na Musulunci, bikin na ƙasa ne.

Duk wannan tarihi a bakin lunsi yake, makaɗan kalangu na gado, waɗanda shugabansu a Yendi shi ne Namo Na. A daren salla sukan zauna ƙofar fada daga bayan isha har asuba, babban makaɗi yana jero sarakuna da iyayensu mata da yaƙe-yaƙensu da kirarinsu. Ba a fara wasu sassa sai an yi yanka, don ana ganin ambaton su yana da haɗari. Gefe guda kuma akwai rubutu. Kitab Ghanja, wanda malaman Gwanja suka tsara da Larabci a tsakiyar ƙarni na 18, shi ne ke ba da shekarun da ake auna jerin makaɗan da su. A farkon ƙarni na 20 kuma Malam Alhasan na Salaga ya rubuta tarihin Dagwamba da na Moshi da Hausar ajami.

Alaƙar Hausawa da wannan ƙasa ba ta tsaya ga tatsuniyar Zamfara ba. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Abin da ake nema goro ne, wanda yake fitowa daga kurmin Asante. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da turkudi da fatu da albasa busasshiya, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, ya bi Nikki da Jugu da Sansanin Mango, ya sauka Yendi, ya ƙarasa Salaga, tafiyar wata biyu zuwa uku, madugu yana gaba wajen sasanta kuɗin fito da kowane sarki. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara a wannan fatauci. A ƙarni na 19 Salaga ta zama babbar kasuwar goro da bayi, garin rijiyoyi masu ɗimbin yawa, inda Hausa ce harshen ciniki. Zangunan Yendi da Gambaga da Bawku duk 'ya'yan wannan hanya ne.

Mai goro kuwa ya fi kowa ƙarfi. Tonawa suna da bindigogin da suke saya a bakin teku, kuma a 1744 zuwa 1745 rundunar Opoku Ware ta shiga Yendi. Ruwayar Dagwamba ta ce an kama Na Gariba, aka fanshe shi da alkawarin biyan bayi duk shekara. Daga wannan hulɗa Dagbon ta samu kambonsi, 'yan bindiga masu shiga da kiɗa irin na Asante. Bashin bayin kuma a kan marasa sarki ya faɗa: Konkomba, da Basari, da mutanen da ake kira Gurunshi. Biyan bai tsaya ba sai 1874, da Ingilishi suka ƙone Kumasi. A shekarar Salaga ta yi wa Tonawa tawaye, su kuma suka toshe mata goro, kasuwa ta koma Kintampo da Atebubu da Kete Krachi. Yaƙin basasar 1892, tsakanin gidajen sarautar Kpembe, ya watse garin. Cikin waɗanda suka bar shi har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawallafi, wanda ya koma Kete Krachi ya rasu a can a 1934.

Yankin Navrongo ya sha wuyar ƙarshen wannan zamani fiye da kowa. Wajen 1860 wasu Zabarmawa suka zo Dagbon da dawakin sayarwa, sarakuna suka ɗauke su haya don kamun bayi. Ƙarƙashin Alfa Hano, sa'an nan Gazari, sa'an nan Babatu, suka ɓalle suka zama masu kansu, suka shekara kusan talatin suna kai hari ƙasashen Sisala da Kasena da Builsa. Ramukan da ke kan duwatsun Pikworo a Paga, inda aka ce bayi suna cin abinci, da bikin Feok da Builsa ke yi a Sandema duk Disamba, shaidun wannan lokaci ne. Faransawa suka karya Babatu a 1897, ya koma Yendi, ya rasu a 1907; kabarinsa yana can. Labarin yaƙe-yaƙen nasa ma da Hausa aka rubuta shi, da alƙalamin Malam Abu.

Turawa uku ne suka yi rububin ƙasar. Jamusawa suka karya rundunar Na Andani a Adibo ranar 4 ga Disamba 1896, suka ƙone Yendi. Ingilishi suka kafa tuta a Gambaga a wannan watan, Faransawa kuma suka riga suka kama Wagadugu. Yarjejeniyar 1899 ta tsaga Dagbon biyu, Yendi a Togo ta Jamus, Tamale da Savelugu a hannun Ingila. Bayan yaƙin duniya na farko aka sake haɗe ta, kuma ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ta tabbatar da gabashin cikin Ghana. Ingilishi suka mai da hedkwata daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, shekara guda bayan limaman Katolika sun sauka Navrongo.

Babban abin da mulkin mallaka ya canja shi ne ma'anar sarauta. Turawa suna son sarki mai iyaka a taswira, mai tara haraji da 'yan aikin tilas. A farkon shekarun 1930, da aka shigo da mulki ta hannun sarakuna irin na arewacin Najeriya, aka ɗauki tsohuwar alaƙar gaisuwa da ke tsakanin Nalerigu da garuruwan arewa aka mai da ita umarni, aka kuma yi watsi da tindana domin ba ya kama da sarki a idon baƙo. A Bawku abin ya fi tsanani. Mamprusi suna cewa sarautar garin tasu ce tun zamanin Na Atabiya. Kusasi suna cewa ƙasar tasu ce tun kafin a san da sarki. Gwamnatin Nkrumah ta ba Kusasi a 1958, gwamnatin soja ta mayar wa Mamprusi a 1966, gwamnatin Rawlings ta sake ba Kusasi a 1983, Kotun Ƙoli ta bar shi haka a 2003, amma rikicin bai daina cin rayuka ba.

A Yendi jayayyar ta cikin gida ce, tsakanin zuriyar 'ya'yan Na Yakubu biyu na ƙarni na 19, gidan Abudu da gidan Andani, waɗanda suka saba karɓa-karɓa. Siyasar jam'iyyu ta shiga tsakani tun daga shekarun 1950. A watan Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na biyu a fadarsa tare da mutane da dama, fatar Yendi ta zauna ba sarki shekara goma sha bakwai. Kwamitin sulhun da ya warware matsalar sarakuna uku ne: Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu, da Yagbonwura na Gwanja, da Nayiri na Mamprugu. A Janairu 2019 aka ɗora sarkin Savelugu kan fata da sunan Ya Na Abukari Mahama na biyu.